Daga Dama Zuwa Hagu, Daga Hagu Zuwa Dama

Wata rana da hantsi, a garin Bune na ƙasar Gure, ina zaune a zauren wani dattijon alaramma wanda na sauka a gidansa, muna hira a kan tsadar hatsi da ƙarancin damina, sai ga ɗan aike ya yi sallama ya miƙa masa wata takarda da aka aiko daga wani ofishin hukuma. Malam ya karɓa, ya jujjuya ta, ya ɗan nisanta ta daga idonsa kamar yadda tsofaffi kan yi, sa'an nan ya aza ta bisa buzu ya ce a kira masa jikansa. Mutumin nan fa ya rubuta Alƙur'ani da ka, tun daga Fatiha har Nasi, da wasali da ɗigo, ba tare da ya leƙa wani littafi ba, kuma idan gardama ta tashi a kan rabon gado, daga ƙauyukan kewaye wurinsa ake zuwa. Amma ga 'yar takarda mai layi shida ta gagare shi. Yaron ya shigo, bai fi shekara goma sha biyu ba, ƙafafunsa furu-furu da ƙura. Kakan ya ce, "Zo nan, ɗan mushe, gaya mana abin da Nasara ya ce." Yaro ya durƙusa ya karanta da Faransanci yana tuntuɓe, ya juya wa kakansa da Manganci, kakan kuma ya juya mini da Hausa: ashe kira ne a kai dabbobi rigakafi. Da yaron ya fita, sai malam ya yi murmushi ya ce mini, "Ka gani, baƙona? Shekara sittin ina bin malamai, amma a wurin wanda ya rubuto wannan takarda ban san ko bihim ba."

Wannan 'yar magana ta malam ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin a cikinta akwai al'amarin da ya shafi samari da 'yan mata masu yawan gaske a Jamhuriyar Nijar, waɗanda Larabci ne harshensu, ko wanda suka sha a nono ko wanda suka sha a gaban malam, alhali kuwa ƙofar jami'a da ƙofar aikin gwamnati da Faransanci ake ƙwanƙwasa su. Mutanen nan kashi biyu ne, kuma ya kamata mai karatu ya rarrabe su tun daga farko. Akwai Larabawa na asali, irin makiyayan raƙuma na wajen Tasker da Gigimi, waɗanda suka buɗi baki da Larabci. Akwai kuma Mangawa da Hausawa da Fulani da Zabarmawa waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a kan nahawu da fiƙihu har suka samo shahada daga Masar ko Madina. Abin mamakin shi ne, sau da yawa na farkon, wanda aka haifa Balarabe amma aka kai shi lakwal, watau makarantar boko, ya fi tarar da hanya a buɗe bisa ga na biyun, wanda ya fi shi sanin Larabcin littafi nesa ba kusa ba.

Kada a ɗauka Larabci baƙo ne a wannan yanki. Bune tsohon gari ne na ƙasar Muniyo, nan sarakunan Muniyo suka zauna kafin a mayar da gadon sarauta Gure, kuma ƙasar tana cikin inuwar Barno, daular da tun ɗaruruwan shekaru wasiƙunta, da hukunce-hukuncen alƙalanta, da takardun da sarakuna ke ba malamai na yafe musu haraji, duk da Larabci ake rubuta su. Maƙrizi, marubucin tarihin Masar, ya ambaci wata makaranta a can da ake kira makarantar Ibn Rashiƙ, wadda mutanen Kanem suka gina da dukiyarsu wajen tsakiyar ƙarni na 13 domin ɗalibansu da alhazansu su sami masauki. Watau fiye da shekara 700 ke nan 'ya'yan wannan ɓangare na duniya suna ratsa hamada don neman ilimi. Har Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya biyo ta Bune da Gure a ƙarshen shekarar 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, bai shigo da sunansa na gida ba. Abdulkarim ya kira kansa, da Larabci yake zance da malamai da sarakuna, ya kuma tilasta wa kansa koyon Hausa da Barbarci, saboda ya gane cewa a zamanin nan, a ƙasar nan, wanda ba shi da waɗannan harsuna shi ne jahili, ko da kuwa daga jami'ar Balin ya fito.

Wanda ya san yadda ake karatu a tsangaya da zauren ilimi ya san cewa ƙetare harshe shi ne abincin almajiri na kullum. Yaro yakan fara da babbaƙu da farfaru a allo, ya zama kolo, ya zama tittibiri, ya zama gardi, idan Allah ya nufa ya kai alaramma ko gwani, kalmar da ma daga Barebari muka aro ta. Kuma ba a banza ba ne Bahaushe idan zai tura ɗansa neman hadda yakan ce ya tafi gabas. Bayan sauka sai littattafai: Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, daga nan Askari da Muhtasar, ga Ajurumiya da Alfiyya a fannin nahawu, ga Muƙama da Shu'ara a fannin lugga. Yadda ake ba da karatun kuwa shi ne ɗalibi ya ja kalma biyu ko uku da Larabci, malam ya fassara masa da Hausa ko Barbarci, ya sake ja, malam ya sake fassarawa, haka nan har a tashi. Malaman Barno ma suna da wani tsohon harshe na musamman da ake kira Tarjumo, wanda ba a ciniki da shi, ba a faɗa da shi, aikinsa kurum fassarar littattafan addini. Ɗalibin da ya shekara goma a irin wannan zama ya riga ya saba da ɗebo ma'ana daga wannan tukunya ya juye a waccan ba tare da ta zube ba, saboda haka wanda duk ya ce irin wannan kai ba zai ɗauki Faransanci ba, bai san abin da yake faɗa ba.

Abin da ya birkita lissafi shi ne zuwan Faransawa, waɗanda suka kama Damagaram a 1899, suka zauna da ita a matsayin babban birnin ƙasar kafin su koma Yamai a 1926. Su ba su zo da niyyar raba gado da harshen kowa ba. A lakwal Faransanci ne tun ranar farko, ko yaro ya ji ko bai ji ba, kuma tsofaffin 'yan lakwal har yau suna ba da labarin sambol, wani ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa wanda aka ji ya yi maganar gida, shi kuma ya yi ta kasa kunne ko zai kama wani ya sauke masa, domin wanda aka tashi da shi a wuya shi zai sha bulala. Ga kuma dikte, watau shifta, inda kuskure biyar ke jawo sifili. Malamin lakwal kuwa, bakin mutanenmu ya lanƙwasa kalmar girmamawa ta Faransawa ya mai da shi mushe, kuma ba na zaton iyayen da ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a kai su lakwal sun ji haushin yadda sunan ya faɗo. Da aka sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960 tuta ta sauya, amma harshen ofis da na kotu da na jarrabawa ya zauna inda yake.

To, bari mu dubi kashi na farko. Arewa da Gure, inda gonaki suka ƙare rairayi ya fara, akwai Larabawan da ake kira Aulad Sulaiman, waɗanda asalinsu ƙasar Libiya ne, wajen Fezzan. Bayan da Turkawa suka kashe shugabansu Abduljalil a 1842 sai suka yo kudu zuwa Kanem, wasu 'yan'uwansu kuma suka biyo baya sa'ad da Italiyawa suka mamaye ƙasarsu wajen 1930. Ɗan irin waɗannan mutane, tun kafin ya ga allon lakwal, da Larabci yake magana a cikin tanti, da Tubanci a bakin rijiya, idan aka kai raƙumi kasuwa kuma ya tsinci Hausa ko Barbarci. Sai dai Larabcin nasa na gida ne, tsakaninsa da Larabcin littafi akwai tazara, kuma a lakwal babu mai tambayarsa ko ɗaya daga cikin waɗannan harsuna. Ga nisa: iyaye suna bin ciyawa da ruwa, makaranta tana tsaye wuri guda, don haka yaron da zai yi karatu sai ya rabu da uwa tun yana ɗan shekara bakwai, ya zauna a hannun wani ko a makarantar kwana, in ya ci jarrabawa ya ƙara nisa zuwa Gure, in ya sake ci ya ƙara kimanin kilomita 160 zuwa Damagaram.

Wannan hanyar ce Muhammad Bazum ya bi, kuma ba domin siyasa na kawo shi nan ba, domin siyasa tana da nata masu magana. An haife shi a 1960 cikin Aulad Sulaiman, ya tashi a Tasker, ya yi karatunsa na farko a ƙasar Gure, ya sami bak, watau shahadar gama sakandare, a 1979 a lise Amadu Kuran Daga ta Damagaram, makarantar Faransanci mai ɗauke da sunan sarkin da ya yaƙi Faransawa. Daga nan ya tafi jami'ar Dakar ya karanta falsafa har 1984, fannin da ba a cinsa da 'yar gaisuwa ko Faransancin kasuwa, domin sai mutum ya iya rarrabe kalma da 'yar'uwarta kamar yadda mai nahawu ke rarrabe hali da tamyizi. Ya dawo ya koyar a lise, ya shiga ƙungiyar malaman makaranta, ya riƙe ministan harkokin waje da na cikin gida, ya hau kujerar shugaban ƙasa ranar 2 ga Afrilu 2021, Balarabe na farko da ya hau ta, har sojoji suka sauke shi ranar 26 ga Yuli 2023. Masu sauraron rediyo sun sha jin sa yana amsa tambayoyi da Hausa. Abin lura dai shi ne, duk wannan tsani da Faransanci ya hau shi. Larabcinsa na gida, babu takardar jarrabawar da ta taɓa ba shi maki a kansa. Ga kowane yaro guda da ya kai Dakar kuwa, Allah kaɗai ya san adadin waɗanda dikte ya mayar bayan raƙuma.

Kashi na biyu labarinsu ya fi tsawo, ya kuma fi ɗaci. Iyaye da yawa da suka ƙi lakwal ba ƙin ilimi suka yi ba, tsoron ɓatan addini suka ji, kuma domin a shawo kansu ne aka buɗe madarasa ta farko mai haɗa Larabci da Faransanci a 1957 a garin Sayi, garin Alfa Mahaman Jobbo, wanda da ma tun ƙarni na 19 gidan malamai ne. Daga wannan iri ne makarantun da ake kira franko-arab suka yaɗu, na gwamnati da na masu zaman kansu, inda ake koyar da lugga da addini da Larabci, lissafi da kimiyya kuma da Faransanci, har ɗalibi ya kai ga bak. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ma ya sa hannu wajen gina azuzuwa da horar da malamai. A taron shugabannin ƙasashen Musulmi da aka yi a Lahor ta Pakistan a 1974 aka yanke shawarar kafa jami'o'in Musulunci biyu a Afirka, ɗaya a Yuganda ɗaya a Nijar, kuma ta Nijar ta buɗe a Sayi a 1986. Wasu ɗaliban kuma suka sami gurbi a waje: Azhar, jami'ar Madina da aka kafa a 1961, Hartum, Tarabulus, Maroko. Can suka iske nasu shingen, domin wanda ya haddace Alfiyya yakan sauka a Alƙahira ya yi wa direba magana da Larabcin littafi, direba ya dube shi kamar wanda ya taso daga kabarin sahabbai, shi kuma ya kasa gane amsar.

Amma wuyar tana wajen dawowa. Ɗan alaramman nan na Bune, wanda kowa ke kira Ustaz, ya nuna mini shahadarsa ta Azhar a fannin shari'a, a naɗe cikin leda, a ajiye cikin gafakar mahaifinsa. Ya ce da ya kai ta wani ofishi a babban birni neman aiki, sai ma'aikacin ya karɓa da ladabi, ya jujjuya ta, ya ce masa, "Ustaz, takardarka tana da kyau ƙwarai, amma mu nan ba mu iya karanta ta ba." Aka ce ya je a fassara, aka ce ya je a daidaita ta da shahadar gida, aka ce ya jira, da aka gama wannan kuma aka miƙo masa takardar cikewa da Faransanci, aka gaya masa jarrabawar ɗaukar ma'aikata ma da Faransanci za a yi ta. Da yake ba ni labarin sai na tuna mahaifinsa da takardar rigakafi. Ga mutum biyu, kowanne an miƙa masa takarda ya jujjuya ya kasa. Ɗaya an ce masa jahili, ɗayan kuwa shi ne mai hatimi. 'Yan boko suna da sunan da suke kiran irin su Ustaz, arabizan, kuma a bakin wasu sunan yana ɗauke da ɗan raini, kamar a ce mutum ya yi karatu amma ba irin wanda ake cin abinci da shi ba.

Ina waɗannan mutane suke ƙarewa? Mafi yawa koyarwa a makarantun franko-arab, wasu limanci da wa'azi a masallatai da gidajen rediyo, wasu jagorancin alhazai, wasu tafinta a ofisoshin jakadancin ƙasashen Larabawa da ƙungiyoyin agaji masu gina masallatai da rijiyoyi, wasu kuma sun kama fatauci tsakanin Dubai da Jidda da Yamai, inda Larabcinsu ya zame musu jari. Duk sana'o'i ne na mutunci. Sai dai ƙasar da ke kukan ƙarancin alƙalai da malaman jami'a da masu tsara dokoki, ta kuma bar wanda ya shekara huɗu yana nazarin usulul fiƙihi a bakin ƙofa saboda bai iya cika takarda ba, ta yi kama da mai jin ƙishirwa da ya ƙi ruwa don ba a cikin ƙwaryarsa aka kawo ba.

Ya kamata a yi wa shingen kansa adalci, domin ba ƙarami ba ne. Hannun da ya saba tafiya daga dama zuwa hagu sai an koya masa komawa. Larabci ba shi da harafin p ko v. Faransanci kuwa cike yake da haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, alhali ɗan tsangaya an horar da shi a kan cewa kowane harafi yana da haƙƙinsa. Har jinsin abubuwa ya saɓa. Bahaushe yana cewa rana ta fito, wata ya tsaya, Balarabe ma haka yake mayar da rana mace wata namiji, amma Bafaranshe ya juya su, rana namiji wata mace. Bamange kuwa, wanda harshensa bai raba namiji da mace a nahawu ba, sai ya rasa da wa zai yi faɗa. Duk wannan mai sauƙi ne, shekara guda ta isa. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne harshen ilimi, watau iya zama awa huɗu a rubuta maƙala a kan mas'ala guda, a kawo hujja, a kawo kishiyarta, a fitar da hukunci, cikin salon da mai gyaran takarda ya saba da shi. A nan na ga ɗaliban Larabci sun rabu biyu: wanda hadda kaɗai ya riƙe yakan sha wuya, wanda kuwa ya ɗanɗani mantiƙi da usulu yakan gane da wuri cewa tsohon aikinsa ne aka sauya wa riga.

Kada kuma a yi zaton mu kaɗai ke wannan fama, Larabawan ma a gidajensu ba su tsira ba. A Aljeriya yaro yakan yi firamare da sakandare da Larabci, ran da ya shiga sashen likita ko injiniya sai ya tarar da Faransanci na jiransa, yanzu kuma hukuma ta karkata zuwa Ingilishi; Maroko a 2019 ta yi dokar da ta ba da damar mayar da koyar da kimiyya a sakandare zuwa harshen waje don a rage wannan tuntuɓe; a Masar da Ingilishi ake karatun likita, Siriya ce ta yi fice da koyar da shi da Larabci. Ahmad Zuwail ya bar Iskandariya a 1969 zuwa Amurka da Ingilishi mai rauni, bayan shekara 30 ya karɓi lambar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai. Amma wanda ya fi kusa da zuciyata shi ne Rifa'a Ɗahɗawi, malamin Azhar da Muhammadu Ali Basha ya haɗa da ɗaliban da ya tura Faris a 1826 domin ya riƙa ja musu salla kurum. Liman ya zauna ya koyi Faransanci har ya shiga gaban waɗanda aka tura don karatun, ya koma gida bayan shekara biyar, a 1835 ya buɗe makarantar harsuna wadda ta fassara littattafan kimiyya da tarihi da doka zuwa Larabci. Bai ajiye rawani ba, bai kuma tsaya jiran Faransawa su koyi Larabci ba.

Ƙetaren iyaka, wadda ba ta da nisa daga Bune, maƙwabtanmu sun riga mu gina gada. A 1934 aka buɗe makarantar shari'a a Kano, da malamai da aka ɗauko daga Sudan, a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci, inda ake haɗa wa ɗalibi fiƙihu da Ingilishi da lissafi, ya fita da takardar da gwamnati ta san da ita. Daga cikinta Shehu Abubakar Gumi ya fito, ya ƙaro karatu a Sudan, ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani da Hausa, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987. Ba domin Ingilishi ya fi Faransanci tausayi ba ne. Dalilin shi ne Turawan Ingila sun bar kotunan alƙalai suna aiki, saboda haka dole suka nemi ma'aikata masu Larabci, aiki kuwa shi ke ba takarda daraja.

Ustaz na Bune bai yi fushi ya zauna ba. Ya ƙulla yarjejeniya da wani mushe na garin, bayan sallar isha'i su haɗu da fitila, mushe ya koya masa sarrafa fi'ilan Faransanci, shi kuma ya gyara wa mushe tajwidi, idan bayani ya cije su koma Manganci su warware. Ya ce mini ranar da ya gane cewa Faransanci ma yana da fa'ili da maf'uli, da mali da mudari'i, sai tsoro ya fita daga ransa, ya riƙa yi wa jimlolin Nasara i'irabi kamar yadda aka koya masa a Ajurumiya. Sau biyu ya faɗi jarrabawa, a na uku ya ci, yanzu yana koyarwa a wata makarantar franko-arab ta gwamnati. Na tambaye shi ko da zai sake rayuwa wace hanya zai bi, ya ce ita dai, sai dai da ya fara Faransancin yana da shekara goma, ba talatin ba. Na baya gare shi sun fi shi sa'a ta wata fuska, domin ɗan Gure ba ya buƙatar zuwa Dakar ko Yamai kamar dā: tun 2010 akwai jami'a a Damagaram, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifu, masanin tarihin da ya rubuta labarin daular Damagaram.

Dokokin ma suna motsi, ko da yake tafiyar hawainiya suke yi. Tun 1973 aka gwada koyar da yara da Hausa a wata makarantar gwaji a Damagaram; dokar 2001 ta lissafa Larabci cikin harsunan ƙasa guda goma; a watan Maris na 2025 kuma sabon kundin da hukumomin soja suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Bamange da Balaraben Tasker, waɗanda Hausa ma aro ce a wurinsu, suna da nasu ra'ayin a kan haka, kuma ɗalibin Larabci yana iya cewa dā kogi ɗaya zai ƙetare yanzu sun zama biyu. Ni dai ma'aunina ɗaya ne: ranar da mai shahadar Azhar ko Sayi zai zauna jarrabawar aikin alƙali ko na ofishin jakadanci a auna shi da abin da ya sani, a kuma ba shi shekara guda ya cike abin da ya rage masa na harshen aiki, ranar ce doka ta sauko daga takarda.

Daren da zan bar Bune, ina zaune da Ustaz a tsakar gida, sai 'yarsa, wadda ke aji huɗu a franko-arab, ta kawo littafin rubutunta ya duba mata. Littafi ɗaya ne tak, saboda kuɗin biyu bai samu ba a bana. Ta bangon dama ta fara darussan Larabci suna tafiya hagu, ta bangon hagu ta fara na Faransanci suna tafiya dama, fararen warƙoƙi suna raguwa a tsakani. Na ce mata, "'Yata, idan suka haɗu a tsakiya fa, yaya za ki yi?" Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce, "Sai Baba ya sayo mini wani ranar kasuwa." Ustaz ya lashi yatsa ya ƙirga abin da ya rage, ya ce saura warƙa bakwai, kanwar da ya aika Nguru kuwa har yanzu ba a kawo kuɗinta ba.